Ranar da Kura Ta Tuba da Kwasar Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Dabbobi ne ke buga ƙwallo. Kura ba ta iya ƙwace ƙwallo ba, sai dai ta biyo ka ta baya ta kwashe maka ƙafafu. Shi kuwa Zalɓe, kun san ƙafarsa kamar tsinken tsintsiya, kullum ya fita wasa gaban uwarsa faɗuwa yake.

Sai uwar ta je wurin Kunkuru, alƙalin wasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, a hana kwasar ƙafar nan kafin a kawo mini yaro a buhu."

Kura ta ce, "Haba Inna, mai tsoron karaya ya zauna gida ya taya ki tsintar shinkafa."

Kunkuru ya ce, "To a bar ta. Dama, Kura, ɗan Giwa ya ce a wurinki ya koyi kwasar ƙafa, kuma gobe ke zai tsare."

Kura ta dubi ƙafafunta, ta ce, "Malam, ni fa tuni nake cewa abin nan rashin tarbiyya ne. A hana yau, kada a kai gobe."

Aka hana. Ku masu dawo mini da ƙauri a kumbure, kun dai ji.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Kunkuru na raye ba da kun ƙaryata ni.