Baƙuwar da Aka Sauko da Ita daga Giginya

Dalilin da ya sa shukar nan ta cikin tukunya take ta ƙiba, ganye shar, amma ko ƙwayar fure babu, shi kuke tambaya? To ku matso. Kai Sagir, ajiye butar nan, ruwan da ka ɗura mata yau ya ishi jaki wanka. Masu sayar da furanni a bakin titi suna ce mata okid. Mu can ƙauye a jikin giginya muka san ta, maƙale kamar goyo, saiwoyinta a waje suna shan iska, furenta rawaya mai ɗigo-ɗigo.

A zamanin da can, itatuwa suna magana da mutane. Kuka ga surutu, tsamiya ga tsegumi. Ita ma wannan tana da baki, sai dai duk dajin babu mai kunya kamarta. Kuma ba a taɓa sa ta a tukunya ba.

A wani gari akwai wani manomi mai suna Nomau, mutum mai buɗaɗɗen hannu, wanda in ka sauka gidansa sai ka roƙe shi ya daina ƙaro maka tuwo. Mahaifiyarsa Kyauta tana zaune a wurinsa. Ta tsufa, yanar ido ta fara rufe mata gani, kullum hasken raguwa yake yi. A wani kwari mai yawan giginya aka haife ta, nesa ƙwarai, ga shi ƙafa ba za ta iya kai ta ba.

Wata rana Nomau ya ji tana faɗa wa maƙwabciya, "Ni dai da zan sake ganin furen giginyar garinmu kafin idon nan ya rufe, da na gode Allah."

Washegari ya ɗaura wa jaki mangala. Ya je kwarin, ya hau giginya, ya yi wa shukar sallama, ya gaya mata abin da ya kawo shi. Da ta ji don tsohuwa ce, sai ta ce, "Mu je."

Da ya iso gida da ita, nan fa hidima ta tashi. Ya sayo tukunya mafi kyau a kasuwa, ya cika ta da ƙasa mai taki, ya binne saiwoyin baƙuwa ciki tsaf. Ya kai ta ƙuryar ɗakin mahaifiyarsa, ya saki asabari kada rana ta taɓa ta. Safe ruwa, yamma ruwa. In gari ya ɗan yi sanyi, ya shigo da kaskon wuta. Kullum kuma sai ya durƙusa ya ce, "Baƙuwa, akwai abin da kike so?"

Ita kuwa ta ce, "Babu komai, mai gida. Allah ya saka da alheri."

Haka yake yi wa tsohuwar ma. Ya karɓe mazarinta da audugarta, ya hana ta ko ɗaukar tsintsiya. "Inna, kin gama wahala, ki huta." Ita kuma ɗan farinta ne, kun san uwa da kunyar ɗan fari, ba ta iya buɗe baki ta yi masa musu. Sai ta kau da kai ta ce to.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Shuka ta yi ganye har ya zubo gefen tukunya, fure shiru. Idon Kyauta kuwa ya kai in mutum ya shigo sai ya yi magana take gane shi. Hankalin Nomau ya tashi, tsoro ya kama shi kada furen ya zo a makare. Me kuke tsammani ya yi? Ya ninka ruwan, ya ƙara takin, ya ƙara labule a kan asabarin. Wayyo Nomau.

Ran nan da hantsi ya nufo ɗakin da kwanon koko, sai ya jiyo magana a ciki, ya tsaya a bakin ƙofa.

Kyauta ce ke cewa, "Yarinya, yanzu daga ni sai ke. Gaya min gaskiya, me ya hana?"

Shukar ta ce a hankali, "Inna, ƙafafuna ruɓewa suke yi. A bayan uwata giginya, ruwa ya zo ya wuce, iska ta busar da ni. Hantsi yana leƙo ni ta tsakanin ganye. In sanyi ya shigo, shi ke tashina in yi fure. A nan kullum duhu, kullum ɗumi, ban san rani ba, ban san damina ba. Amma da wane baki zan ce wa mutumin da ya yi min wannan ɗawainiya ya rage?"

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ashe mu biyu ne. Ni ma yatsuna ƙaiƙayin kaɗi suke yi. Yaron nan don so ya mai da ni kayan ajiya."

Abin ya yi wa Nomau zafi, ba zan ɓoye muku ba. Ya tsaya a wurin har kokon ya huce, hawaye na zubo masa. Amma shi ba mai riƙo ba ne. Ya share ido, ya yi gyaran murya, ya shiga. Ya ɗauki tukunyar ya fita da ita, ya zazzage ƙasar, ya huda gindin tukunyar, ya zuba ɓawon itace da gawayi, ya ɗora shukar a kai saiwoyinta a sarari. Ya ajiye ta gindin dalbejiyar tsakar gida, inda hantsi ke ratsowa. Ya shimfiɗa tabarma kusa da ita, ya riƙo hannun mahaifiyarsa ya fito da ita, ya ajiye mata mazari da auduga a cinya.

Nan shukar ta gane ya ji komai. Kunya ta rufe ta. Ta ce, "Mai gida, na yi ƙorafi a gidan da aka karrama ni. Daga yau na rufe bakina. Duk wanda ya ajiye ni ya dube ni kawai. In na ji daɗi zai ga fure, in bai gani ba ya tambayi kansa."

Nomau ya yi lallashi, ya ce shi bai riƙe ta da komai ba. Ina, ta riga ta yi shiru.

Sanyi ya shigo. Kowace asuba sai Nomau ya fito da zane zai lulluɓe ta, ya tsaya, ya cije, ya mayar. Wannan haƙurin ya fi masa noman gona wuya. Ana nan, sai ga wani ɗan tsiro siriri ya ɓullo daga tsakanin ganye, ya miƙe, ya yi kumbura-kumbura. Wata safiya ya buɗe.

Kyauta ta ajiye mazari, ta laluba, ta kai fuskarta har hancinta na taɓa furen. Nomau ko numfashin kirki ba ya yi. Can ta ce, "Rawaya ce. Ga ɗigon nan, ga wani, ga wani." Ta koma ta zauna tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Ashe da sauran gani."

To shi ya sa har gobe shukar nan ba ta faɗin abin da ke damunta. Duk abin da ka ba ta za ta karɓa, ta yi maka ganye don kada ka ji kunya, furen ne dai za ta riƙe. Sai an fito da ita inda haske ke ratsowa, an bar ƙafarta ta bushe kafin a ƙara ruwa, an bar sanyi ya ɗan taɓa ta. Ku tashi ku kama min mu fitar da tamu, lokacinta bai wuce ba. Kuma in kuka tambayi mai kunya abin da yake so ya ce babu komai, kada ku yi saurin tashi, ku ɗan ƙara zama.