Sunayen da Baba Dogara Ya Ƙi Gogewa

Akwai wani mutum, Irmiya, mai gyaran manhajar kwamfuta. Wata Litinin da safe dattawan ikkilisiyarsu suka ba shi tsohuwar manhajar da ke aika wa membobi saƙon waya, domin ya sabunta ta. Baba Dogara, magatakardan ikkilisiya, shi ya rubuta ta da hannunsa, ga shi ya rasu bara.

Irmiya ya buɗe. Ya tarar da wurin da ake gwada suna da suna kafin a aika saƙo ya kai layi sittin, alhali yanzu akwai umarni guda da ya zo tare da kwamfuta, mai yin wannan gwajin a layi ɗaya. A tsakiyar layukan kuwa ga wasu sunaye a jere, babu bayani.

Ya ce, "Tarkacen tsofaffi ke nan." Ya goge duka, ya sa sabon, ya tafi cin abinci.

Washegari da hantsi sai ga Mama Rifkatu a ƙofar ofis, riƙe da wayar mijinta, Malam Bulus, wanda aka binne shekara uku da suka wuce. Ba ta taɓa barin wayar ta mutu ba. Ta miƙa masa ita.

"Ɗana, karanta mini."

Ya karanta: "Malam Bulus, mun yi kewarka. Muna jiranka ranar Lahadi."

Ta ce, "Wa ke kiransa? Ina ce da ku muka kai shi?"

Kafin rana ta take tsaka, gida goma sha bakwai sun sami irin wannan saƙo.

Irmiya ya nemo tsohon kwafi, ya karanta a hankali. Ashe Baba Dogara bai taɓa iya cire mamaci daga rajista ba. Sai dai ya rubuta sunan a cikin layukan nan, domin manhajar ta wuce shi shiru. Irmiya ya bi jerin har ƙasa. Suna na ƙarshe Dogara ne, shi da kansa ya shigar da shi kwana biyu kafin rasuwarsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Sabon umarnin ba shi da laifi, aikinsa gwada suna ne kawai, bai san wanda aka yi wa kuka ba. Laifin Irmiya shi ne ya goge abin da bai karanta ba. A gidajenku da ikkilisiyarku akwai abubuwan da iyayenku suka bari ba bayani, waɗansunsu jinƙai ne da aka yi a ɓoye. Ku sabunta, amma ku fara tambaya, tun masu amsawa suna da rai.