Zoɓon da Bai Kai Ba

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa da tuni sunansa ya ɓace, an yi wani Sarki wanda ya saba da zoɓon mahaifiyarsa. Mai Babban Ɗaki ba ta taɓa barin baiwa ta yi mata wannan aiki ba. Da hannunta take jiƙa zoɓorodo, ta daka citta da kanumfari, ta tace, ta zuba zuma, a nan cikin gida, taku kaɗan daga turakar ɗanta. Zoɓon nan ja ne wur har ya so ya yi baƙi, in ka kurɓa sai ka ji shi har bayan kunne. Shekara ashirin Sarki na sha, sai wata damina zazzaɓi ya shigo gari ya ɗauke tsohuwa.

Da aka share makoki, Sarki ya sa aka yi shela cewa duk macen da ke sana'ar zoɓo a birnin za a bi ta unguwa-unguwa, kowace da ranarta, ta kawo tulu guda ƙofar fada ta miƙa. Wadda nata ya kai na marigayiya, ita za ta gaji aikin.

To, akwai wani bafade ana kiransa Nomau, shi ne Maɗanɗanin Sarki. Ba abin da zai shiga bakin Sarki sai ya fara bi ta harshensa. Zazzaɓin da ya ɗauki Mai Babban Ɗaki shi ya ɗauki matarsa Tabawa, kwana uku tsakani. Mutane suka yi ta jiran kukansa, ba su gani ba, har wasu suka ce jarumi ne. Ba jarunta ba ce. Abin ne ya daskare masa a ciki. Harshensa lafiya lau, yana rarrabe gishiri da kanwa, amma daɗi da rashin daɗi duk sun zama ɗaya a wurinsa.

Tulun farko ya iso gaban Sarki. Nomau ya tsiyaya a ƙoƙo, sai ga abu ja-ja, kamar ruwan da aka ɗauraye jan zane a ciki. Ya kurɓa. Tsamin ɗan kaɗan ne, citta kuwa sai ka ce daga nesa ta yi sallama ta wuce.

"Ranka ya daɗe, bai kai ba," in ji shi.

Na biyu haka, na uku haka. A rana ta biyar Sarki ya karɓi ƙoƙon da kansa ya kurɓa, ya yi jifa da shi.

"Ashe matan garin nan raina ni suka yi? Uwata ta rasu, su kuma suna aiko mini da ruwan wanki? Daga yau duk wadda nata bai kai ba, a fasa randarta, a fitar da ita bayan ganuwa, har waɗanda suka riga suka kawo!"

Waziri Barmo, dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, da an ɗan dakata an bincika." Sarki bai ko dube shi ba.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum da hantsi tulu ya iso, Nomau ya tsiyaya, ya kurɓa, ya faɗi kalmominsa uku. Jim kaɗan sai a ji ƙarar fashewar randa daga wata unguwa, da kururuwar mata. Nomau yakan ji da kunnensa sarai. Sai ya wanke ƙoƙonsa ya kife, ya tafi gida ya ci tuwo. Mace talatin da uku aka fitar a haka, kuma bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, gama zoɓon bai kai ba ɗin.

Nomau yana da 'ya ɗaya, Gwamma, wadda ta dawo gida da goyo bayan aurenta ya mutu. Zoɓo take sayarwa, a randar mahaifiyarta take jiƙawa. Ran da layi ya zo kanta, ta same shi da safe yana sa takalmi.

"Baba, yau ranata ce."

"Na sani."

"Ko za ka ɗanɗana mini?"

Ta miƙo ludayi. Zoɓon ja wur, kauri gare shi, hannun Tabawa ne sak, har da ɗan masoron nan da takan jefa a ƙarshe. Nomau ya haɗiye.

"Ya yi," ya ce, kamar wanda aka tambaya ko rana ta fito.

Gwamma ta gyara goyonta. "Baba, in an fitar da ni, don Allah ka riƙa cin abinci. Na roƙi maƙwabta su riƙa miƙo maka."

Ya kama hanyar fada.

Da hantsi dogari ya dire tulu. Nomau ya gane shi, don akwai ɗan ɓalli a bakinsa tun ran da Tabawa ta buge shi da turmi. Ya tsiyaya. Sai ga ja-jan ruwan nan da ya saba gani, har ana hango gindin ƙoƙo. Ya kurɓa, kuma wallahi kalmomin nan uku har sun iso leɓensa, don baki ya riga ya saba. Saura ƙiris ya kori 'yarsa da jikansa yadda ya kori saura, ya wanke ƙoƙo ya tafi gida. Ya tsaya riƙe da ƙoƙon.

"Yau harshen ya maƙale ne, don tulun gidanka ne?" in ji Sarki.

"Ranka ya daɗe, wannan ma bai kai ba. Amma ba shi ne ya fito daga gidana ba. Tulun namu ne, abin cikin ban san shi ba. Da safen nan na sha na ainihi."

Fadawa suka yi dariya, wani ya ce uba ya ba 'yarsa shaida. Sarki ya ɗaga hannu zai sallami dogarai su je su fasa randa, sai Waziri ya zame ya durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara, randar nan in an bar ta yau, gobe ma za ta fasu. Ka ara mini yini ɗaya." Ya matsa kusa ya yi wa Sarki magana a kunne.

Sarki ya ce, "Na yarda. Amma in aka tarar ƙarya ce, Nomau ya bi 'yarsa waje."

Washegari aka shigo da Gwamma ta ƙofar mata, ba wanda ya sani, aka kai ta madafin marigayiya. A gaban idon Sarki ta haɗa zoɓo. Waziri ya sa aka raba shi tulu biyu. Ɗaya aka ajiye a gindin karagar Sarki. Ɗayan aka ba wata baiwa ta zagaya ta miƙa a babbar ƙofa, kamar daga unguwa ya fito.

Tsakanin babbar ƙofa da inda Sarki ke zama akwai ƙofa bakwai. Da tulun ya gama bin su ya iso, Nomau ya tsiyaya ƙoƙo biyu ya jera. Na farko ja wur, na biyu kuwa ko makaho ya kurɓa zai ce an cuce shi. Sarki ya sha na farkon, ya daɗe bai ɗago kai ba. Sannan ya ce a kira masu tsaron ƙofa.

Na ƙofar farko ya faɗi ya yi gaisuwa, ko gezau bai yi ba, don bai san ya yi laifi ba.

"Ranka ya daɗe, al'ada ce tun zamanin kakanka. Abin sha ba ya wuce ƙofa sai mai ƙofa ya kurɓa, saboda sammu."

"Daga nan fa?" in ji Waziri.

"Daga nan al'ada ta ce ba a kai wa Sarki tulu da saura, raini ne. Sai in cika da ruwan randar ƙofa. Ludayi ɗaya ne tak, ranka ya daɗe."

"Ɗauko ludayin."

Ya ɗauko. Abin da yake kira ludayi, da jariri za a yi wa wanka a ciki da ya isa. Haka na biyu ya faɗa, haka na uku, kowa da nasa ludayin, kowa na ganin nasa bai kai ya ɓata komai ba. Na bakwai har da ƙorafi: "Ni da nake na ƙarshe, wallahi ban taɓa jin daɗin abin ba." Zoɓon marigayiya kuwa bai taɓa bin ƙofa ko ɗaya ba, shi ya sa ba a taɓa ganewa ba.

Ba wanda ya yi dariya, domin kowa ya tuna da mata talatin da uku a bayan ganuwa. Sarki ya soke dokarsa a take. Ya ce a dawo da matan bisa jakunan fada, a ba kowace sabuwar randa, masu ƙofa su yi musu jidon ruwa shekara guda, kuma daga ranar tulu ya riƙa shigowa da bakinsa a liƙe. Gwamma ta gaji madafin Mai Babban Ɗaki. Sannan ya juyo kan Nomau.

"Kai da harshenka bai taɓa kuskure ba, tulu talatin da uku daga hannu talatin da uku, duk ɗanɗano ɗaya, ba ka lura ba?"

"Na lura tun tulu na uku, ranka ya daɗe."

"To me ya hana ka magana?"

"Ban damu ba ne."

Sarki ya dube shi, ya dubi hanyar madafin uwarsa, ya kasa yi masa tsawa. Waziri ne ya yanke abin da ya dace, Sarki ya amince: Nomau zai bi matan nan gida-gida, ya ɗanɗana zoɓon kowace a bakin ƙofarta, ya faɗi hukuncinsa da ƙarfi unguwa ta ji.

Ya yi ta bi, kullum gida ɗaya. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce, Iya Lantana, wadda sanyin bayan ganuwa ya bar ta da tari. Ta miƙo masa ludayi ba ta dube shi ba. Ya sha, ya ɗaga murya.

"Ya kai!"

"Ai na sani, ɗan nan," in ji ta. "Shekara arba'in ina yi. Wancan da ka ce bai kai ba ma ya fi wannan, don a randar kakata na jiƙa shi. Ga ta can."

Ta nuna masa tarin tsingaron randar a gindin bango, ta share su wuri ɗaya ta ƙi zubarwa. Nomau ya durƙusa ya ɗauki guda, cikinta har yanzu ja. Randar Tabawa na nan a gidansa lafiya lau, kuma ya san abin da ya raba ta da wannan bai wuce kurɓa ɗaya da ya yi da safen ranar Gwamma ba. A nan ƙofar tsohuwa, da rana tsaka, kukan da garin ya jira tun damina ya zo masa. Iya Lantana ta bar shi ya yi ya gama, sannan ta ƙara masa ludayi ɗaya.

Nan hikayar ta tsaya, Allah ya raba mu da zuciyar da ta daina damuwa.