Dawakan da Ke Jikin Ƙarfe

Akwai wani direban babbar mota da ake kira Ɗari Huɗu. Ba wani abin kirki ya yi ya samu sunan ba. A jikin injin motarsa akwai ɗan faifan ƙarfe da aka rubuta "ƙarfin doki 400", shi ke nan bawan Allah ya hana tasha sakat.

In ya zauna a benci sai ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya dubi masu ƙananan motoci a wulaƙance, ya ce, "Kai nawa ne naka? Tamanin? Tashi ka ba manya wuri."

Abin takaici, motar ma ba guminsa ba ce. Ita kaɗai mahaifinsu ya bari, kuma da ita ake ciyar da Inna da sauran gidan. Ta tsufa, tana tari tana hayaƙi, amma faifan nan kullum sai ya goge shi da hannun riga.

Yana da ƙanwa da ta karanci aikin inji, tana aiki a wurin da ake auna ƙarfin motoci. Ranar da ta ji ya karɓi lodin siminti da ya wuce ƙima, kuma hanyar akwai dogon tudu, sai ta same shi a tsakar gida.

"Yaya, ka kawo motar mu auna kafin ka tafi."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke da na goya ce za ki ƙirga mini dawakaina?"

Sai da Inna ta sa baki ya kai motar, yana tafe yana tsaki.

Aka ɗora tayoyin baya a kan wasu manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, aka ɗaure motar da sarƙa. Ƙanwar ta ce ya taka totur. Ya taka har ƙasa, injin ya yi ta kururuwa, shi kuma yana ɗaga gira wai a gani. Lamba ta fito a allo: 250.

"Na'urarku ta lalace," in ji shi.

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Doki ɗaya a lissafi shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo saba'in da biyar, tsawon mita ɗaya, cikin daƙiƙa ɗaya. Gangunan nan suna auna ƙarfin murɗawar taya da saurin juyawarta, a haɗa su a fitar da lamba. Ɗari huɗun can an auna shi ne a jikin inji tun yana sabo, kafin giya da tayoyi su ci rabonsu. Sauran kuma tsufa ya cinye. Ka raba lodin nan biyu, don Allah."

Ya kalle ta sama da ƙasa. "Turawan da suka ƙera inji sun rubuta a kan ƙarfe, ke kin zo da allo? Je ki taya Inna wanke-wanke."

Ma'aikatan wurin suka sunkuyar da kai don kunya. Shi ko a jikinsa.

Washegari ya yi lodi har motar ta durƙusa. A rabin tudu ta fara nishi. Ya sauke giya, ya sake saukewa, ya miƙe tsaye a kan totur yana zagin motar kamar tana ji. Injin ya yi wata ƙara, ya mutu. Nauyi ya ja ta da baya, birki ya kasa riƙewa. Gwanin naku ya buɗe ƙofa ya yi tsalle, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Motar ta gangara ta kife a rami.

Simintin da bai fashe ba, da amalanke aka kwashe shi. Doki ɗaya ne ke ja, wani ramamme, yana hawa tudun a hankali yana kaɗa wutsiya. Ɗari Huɗu na zaune a bakin hanya yana kallo.

Da yamma ya shigo gida yana ɗingishi, riƙe da faifan da ya ɓalle daga injin. Ƙanwar ta ɗora ruwan zafi don a gasa masa ƙafa. Inna ta karɓi faifan, ta juya shi, hawaye na zuba.

"Wannan ne ya rage daga abin da ubanku ya bari?"



Ta miƙa masa. "To ungo. Gobe ka hau dawakanka ka nemo mana abinci."

Darasi: Lambar da aka rubuta maka jiya ba ita ce ƙarfinka na yau ba. Ka yarda a auna ka, kuma kada ka raina mai gaya maka gaskiya don ka girme shi. Ku tura wa duk wani mai goge faifai da kuka sani, ko Allah zai sa ya ji kafin ya kai tudu.