Motar da Ta Tare Hanyar Keke

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Kano da ake kira Alhaji Babayo, yana da ofishin tura kaya a ginin Tianxiu da ke Guangzhou. Shekararsa goma sha biyu a garin. Ya san kasuwa, ya san masallaci, ya san hanyar filin jirgi na Baiyun. Ba mugu ba ne, yana da kyauta. Aibinsa ɗaya: idan ya yanke shawara, ba ya jin ta kowa.

A bara ƙanwarsa Hajiya Barira ta zo sarin abaya, ta taho da 'yarta Halimatu Sadiya. Shekarar Sadiya ashirin da biyu. Shan inna ya kama ƙafafunta tun tana goye, don haka a keken guragu take yawo. Ita ke ɗaukar hoton kaya tana tura wa masu saye, kuma ita ke zaɓen launi, domin idonta ya fi na uwarta.

Da suka gama sari a kasuwar Baima, sai Sadiya ta roƙi abu ɗaya.

"Kawu, ina so in ga teku kafin mu koma. Ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi."

"Teku kawai? Gobe ma," in ji shi.

Hajiya Barira ba ta so ba. Irin matan nan ce da ke duba gas sau uku kafin su fita. Ni ma haka nake, shi ya sa ban ga laifinta ba.

Washegari bayan azahar suka isa wani wurin yawon buɗe ido a bakin teku, kudu da gari, inda bishiyoyi ke tsirowa cikin ruwan gishiri, fararen tsuntsaye na sauka a kai. An yi wa wurin doguwar gadar katako mai faɗi, wadda ta tashi daga wajen ajiye motoci ta zagaya cikin bishiyoyin. Ba ta da matakala ko ɗaya, don masu keke da tsofaffi aka yi ta haka.

Rana ta yi zafi, inuwa kuma guda ce, daidai bakin gadar. Nan Alhaji Babayo ya kafa farar motarsa, a kan wani shuɗin zane mai hoton keke.

"Kawu, nan fa hanya ce," in ji Sadiya.

"Ai keken namu ne. Mu muka fi kowa cancantar wurin."

Wata ma'aikaciya 'yar China mai dogara sanda ta fito daga ɗakin tikiti. Ta kira shi laoban, wato maigida, ta nuna motar, ta nuna hanyar. Alhaji Babayo yana jin yarensu sarai, amma ranar ya yi murmushi kamar jiya ya sauka, ya zura makulli a aljihu.

Matar ta juya wajen Sadiya. Ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara: su tsaya a kan gada, kada su sauka ƙasa da keke, ruwa zai dawo ƙarfe huɗu. Sannan ta rataya wa Sadiya jan usur a wuya, irin wanda suke ba duk mai keke.

Alhaji Babayo ya yi dariya. "Lallai Sadiya, an naɗa ki alƙalin wasa. Saura jan kati."

Da kyar keken ya kutsa ta gefen motar. Suka hau gada. Sadiya tana tura kanta da kanta, iska na kaɗa mayafinta, tana ta murna. Bayan ɗan tafiya suka zo wata matakala da ke sauka zuwa wani shimfiɗeɗɗen fili na yashi da laka. Ruwan yana can nesa, kamar farin zare.

"Ga teku can, mu kuma muna nan muna zagaye kamar masu ɗawafi," in ji Alhaji Babayo. "Mu sauka ta nan."

"Kawu, ni nan ya ishe ni. Ina ganin komai."

"Yaya, matar nan ta ce ruwa zai dawo," in ji Hajiya Barira.

"Barira, ruwan da ya tafi har can? Ni da na yi ƙuruciya ina wanka a dam ɗin Tiga za a koya wa ruwa? Mutanen ƙasar nan ne ke barin nasu yana fama shi kaɗai. Mu a wajenmu ɗan'uwa ɗaukarsa ake yi. 'Yata ta zo daga Kano, sai ta taɓa teku da hannunta."

Bai jira amsa ba. Ya kama hannayen keken, ya karkata shi baya, ya dinga sauke shi taki ɗaya bayan ɗaya. Sadiya ta riƙe ƙarfen gefe har yatsunta suka yi fari. Ta saba: mutane na taimakonta ba tare da sun tambaye ta ba.

Ƙasar da tauri da farko. Ya yi ta turawa, yana ɗaukar bidiyo da hannu ɗaya don 'yan gida su gani. Suka yi nisa. Hajiya Barira ta lura masu tsintar ƙaguwa duk sun fara komawa da bokitansu. Ta duba waya: huɗu saura minti goma.

"Yaya, don Allah mu juya."

"Bari in ɗauki bidiyo ɗaya da ke a ciki."

Abin da ba su sani ba, kuma ni ma sai da na ji labarin nan na sani, ruwan teku ba kamar na dam ba ne. Ba ya zuwa ta gabanka kawai. Yana bin kwari ya zagayo.

Sadiya ce ta fara gani. "Umma, dubi bayanmu."

Tsakaninsu da matakalar, inda suka bi a bushe ɗazu, ruwa ne ke gudu, shiru, ba ƙara. Ƙasar da suke kai ta fara laushi. Alhaji Babayo ya juya keken da ƙarfi, ƙananan tayoyin gaba suka nutse. Ya ja baya, manyan suka nutse su ma.

Ruwa ya taɓa ƙafafun Sadiya. Ita ba ta iya ɗaga su.

"Kada ku tsorata," in ji shi, amma muryarsa ta canza. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak. Taki ɗaya, taki biyu, a na uku ƙafarsa ta shige laka har gwiwa, ta sauka kan wani kaifaffen ɓawo. Ƙafar ta murɗe, aka ji ƙas, ya faɗi da Sadiya.

Hajiya Barira ba ta san lokacin da ta durƙusa cikin ruwan ba. Ta rungumo Sadiya ta hammata, ta ja ta, ta jingina ta da keken. Ruwan da sanyi, yana jan zanenta. Ta kira sunan Allah, ta kira sunan mahaifiyarta da ta rasu.

Sadiya ta sa usur a baki ta busa. Ta sake busawa. Ruwa ya kai mata ƙugu.

Can nesa, wata 'yar motar agaji mai fitila ta fito daga bayan ɗakin tikiti da gudu, ta nufi bakin gada. Hajiya Barira ta ce alhamdulillahi. Sai motar ta tsaya cak. Ta yi hon. Ta sake yin hon. Ba ta motsa ba.

"Me suke jira?" in ji Alhaji Babayo, yana nishi.

Hajiya Barira ta dube shi. "Motarka, Yaya."

Ya laluba aljihu. Ya laluba ɗayan. Makullin ya bi laka tun da ya faɗi, kuma ko yana nan, wa zai kai musu?

Tafiyar minti biyu ce a motar agajin. A ƙafa, da kaya a kafaɗa, ta ci fiye da goma. Ku iyaye mata ku auna minti goma ɗin nan. Ruwa ya kai ƙirjin Sadiya. Uwarta ta sa gwiwa a ƙarƙashinta tana ɗaga ta, tana jin nauyin yana zamewa.

"Umma, kada ki kalli ruwan, ki kalle ni," in ji Sadiya. Ta sake busa usur, don su san inda za su nufa.

Maza huɗu suka iso da igiya da wani keke mai ƙatta-ƙattan tayoyi da ba ya nutsewa. Matar nan mai sanda tana bisa gada da lasifika, tana nuna musu inda ƙasa ke da tauri, domin ta san filin kamar tsakar gidanta. Suka ciro Sadiya ruwa yana taɓa haɓarta. Suka koma suka zaro Alhaji Babayo, ƙafarsa ta karye a idon sawu. Keken Sadiya kuwa teku ya rufe shi suna kallo.

Aka lulluɓe Sadiya da bargo. Aka kawo keken aro guda biyu, ɗaya nata, ɗaya na kawunta. Aka turo su a kan gadar nan da ya ce zagaye ce, sumul, ba gargada, har bakin fita.

Nan suka tarar da farar mota.

Keken aron ya fi na Sadiya faɗi, ba zai kutsa ba. Motar asibiti tana ɗaya gefen, Alhaji yana hango ta, ƙafarsa na zuba jini, amma babu hanya. Alhaji Babayo ya zauna yana kallon ƙofar motarsa daga ƙasa. Bai taɓa sanin tana da tsawo haka ba.

Ma'aikatan suka zo za su ɗaga shi su tsallakar. Matar mai sanda ta tsayar da su. Ta sunkuyo, ta tambaye shi da yarensu ko ya yarda a ɗauke shi, kuma ta ina za a riƙe don kada a fama ciwon.

Wannan karon ya ji yaren. Ya amsa mata kansa a ƙasa, ya yi godiya.

Sannan ya juya wajen Sadiya, wadda ke gefensa, kai da kai, haƙoranta na kaɗawa.

"Ke fa, yaya kike so a yi da ke?"

Ta dube shi.

"Tun ɗazu na gaya maka, Kawu," ta ce.

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Darasi: Hanyar keke ba ado ba ce, kuma ba inuwar ajiye mota ba ce, minti biyar ɗinka na iya zama numfashin ƙarshe na 'yar wani. Idan za ka taimaki mai lalura, fara tambayarsa, kuma ka saurari amsar, domin ya fi ka sanin jikinsa. Idan masu wuri sun ce kada a sauka, kada a sauka. Ni dai tun da na ji wannan, ko a bakin asibiti na ga an tare gangaren keke sai jikina ya yi sanyi. Ku tura wa duk mai mota a danginku, da duk mai ce wa mutane "bari in ɗauke ka" kafin ya tambaya.