Saniyar da ta Hana Nono

Da sunan Allah nake farawa. Malaminmu na Gwandu, shehi, masani, mai tsantseni da zuhudu, Allah ya ƙara masa yarda, bai bar karatu a allo kaɗai ba, har halittun Ubangiji ya karanta. Ni ajami kaɗan na iya, amma abin da idona ya gani ba ya neman ƙwarewar alƙalami.

Bayan rasuwar maigidana Abubakar, saniya guda ta rage mini a Kalgo, kuma da madararta nake rayar da jikata Kubura, jinjirar da uwarta ta rasu. Sai maraƙin saniyar ya mutu, ta hana nono, hantsa cike amma ko ɗigo. Na yi yadda makiyaya ke yi, na cusa ciyawa a fatar maraƙin na tsayar gabanta, sai dai ni ba na ajiye abu mai wari a gidana, saboda haka na wanke fatar tas da sabulun kanti. Ta shinshina sau ɗaya, ta kau da kai. Kwana uku Kubura na kuka, mahauci Yusufu na zarya don ya sayi saniyar, ni kuwa da ba a taɓa ƙwarata a ciniki ba na kusa sallamawa.

Na tafi Gwandu na durƙusa, ban kai ga zancen sabulu ba Malam ya yi murmushi ya ce, "Baiwar Allah, kowace gaɓa da ƙofar da take karɓar saƙo. Hantsa ba ta jin hannunki, daga hanci ake aiko mata. Ke kika wanke saƙon."

Na ce, "Allah gafarta Malam, tsafta ce fa."

Ya ce, "Tsafta ce. Dangwalinsa, kin wanke shi?"

Wannan igiyar ɗaure maraƙi na manta da ita a turke. Ya yi addu'a a ɗan gishiri, ya ce in goga igiyar a fatar in barbaɗa gishirin. Na yi haka. Ta shinshina, ta yi wani ƙaramin kuka, ta shiga lasa, sai ga madara na zuba tun ban gyara zaman ƙwaryar ba. Kubura ta sha ta yi barci. Yusufu ya dawo, na ba shi fura ya sha ya tafi.

Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa wa kowane saƙo ƙofarsa, ya sanar da bawansa abin da na ɓoye. Allah ya ba mu albarkacin Malam, ya buɗe ƙofofin zukatanmu, ya raya Kubura. Amin.