Geron Afiniki

Jama'a, tun da aka halicci allura da zare ba a taɓa zaluntar tela kamar yadda aka zalunce ni ba. Ayuba ya sha wuya, ban musa ba, amma shi ba a tashe shi daga kan tuwo da miyar kuka mai man shanu ba. Ni Sila, wanda fastoci ke layi a ƙofar shagonsa, ni ne Mama Tabita shugabar zumuntar mata ta tsaya a kaina, loma tana hannuna, ta ce, "Tashi, mai bakin zuma. Yau bakin nan zai yi aikin Allah, ko ya so ko ya ƙi."

Na ce, "Mama, ai kin tarar da shi kan wani aikin."

Ta ce, "Gero na mutuwa, kai kana zancen tuwo."

Ga abin da ya faru. Mai unguwarmu, Baba Akila, ya rasa matarsa Afiniki da rani. Kafin ta kwanta ciwo, ita ta zaɓi zangarniyar geron da za a yi iri da ita, ta ɗaure da hannunta, ta rataye a ɗakinta. Mu kuwa a garinmu binne muke yi, wato mu zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, mu bar wa Ubangiji sauran. Shamuwa ta iso, kowa ya gama binne, gonar Baba kaɗai ba a taɓa ba. Ya hana a sauke irin, ƙwaro kuma ya fara ci. Shi ya sa Mama Tabita ta tura ni in lallashe shi.

Na tarar da shi zaune a ɗakin, garin gero yana zubo masa a kafaɗa bai ko kakkaɓe ba. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ya ce, "Sila, in aiko ka aka yi, koma. Bara mun yi binne, yayyafi ya zo ya tsirar da shi, rana ta ƙone shi. In na zuba wannan ya ƙone, me ya rage mini na hannunta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zo da shawara ba. Tsoro dai nake ji kada ya zame maka kamar maginiyar nan da ɗanyen tulunta."

Ya ɗago kai, ya ce, "Yaya nata ya kasance?"

Na ce: An yi wata maginiyar tukwane, Biriskila, da 'yarta guda da suke gini tare. Wata rana 'yar ta gina tulu, ta ajiye ya sha iska, zazzaɓi ya kama ta, ba ta tashi ba. A wuyan tulun kuwa ga sawun yatsunta nan raɗau. Da ranar gashi ta zo, mata suka ce, "Biriskila, kawo tulun a sa a wuta." Ta ce, "Wuta tana fasa tukwane, na sha gani. Wannan ba zai shiga ba." Ta kai shi ƙuryar ɗaki, kullum ta sa yatsunta cikin sawun na 'yar, ta yi kukanta.

To, akwai wani zanzaro da ke gininsa a bangon ɗakin. Ran nan ya ce mata, "Sannu, abokiyar sana'a. Da ni da ke duk da laka muke ci. Kada ki yi irin ta ƙanwar kakata."

Ta ce, "Me ƙanwar kakarka ta yi?"

Zanzaro ya ce: Mu a zuriyarmu uwa ba ta ganin ɗanta. Takan gina ɗaki, ta sa ƙwai, ta ajiye masa tsutsa don ya ci, ta liƙe ƙofa da laka, ta tashi. Wanda ya yi mu shi ke raino a cikin duhun nan. Ita ƙanwar kakata sai ta ce ba ta yarda ba, ina dalili ta bar ɗanta inda idonta bai kai ba? Ta liƙe da safe, da rana ta huda ta leƙa. Ta sake liƙewa, ta sake hudawa. Ba ƙiyayya ba ce, so ne. Rannan ta tafi ɗebo laka ta bar hudar a buɗe, cinnaka suka bi ta nan suka shiga. Da ta dawo sai ɗaki wayam. Ta zauna a bakin hudar har ta bushe. Ƙofar da ta buɗe don ta tsare shi, ta nan aka ɗauke shi.

Biriskila ta ce, "Na ji, zanzaro. Bari dai sai gashi na gaba." Kafin gashi na gaba, tana majami'a ran Lahadi, hadari ya taso, iska ta yaye jinkar ɗakin. Ta dawo a guje, ta tarar da tulun ya zauna, ya koma laka. Ta durƙusa tana lalube, tana neman sawun yatsun, babu. An gudu ba a tsira ba, ranka ya daɗe. Ta hana wuta, ta bai wa ruwa.

Na kai aya ina kallon Baba, har na fara jin daɗin kaina. Sai ya ce, "Da ta sa shi a wuta, da bai fashe ba?"

Na ce, "Ban sani ba. Wuta tana fasa wasu."

"In na yi binne, ruwa zai zo?"

Na duba cikin buhun dabaruna, ban sami ko ɗaya da za ta yi ba. Na ce, "Baba, ni tela ne, mabuɗin sama ba ya hannuna. Abu guda na sani. Ranar da muka kai Mama Afiniki makwancinta, kai ka fara zuba ƙasa, ka ce, 'Yesu, ga ta nan, na ba ka ajiya.' Ka amince masa da mai geron. Geron ne ya fi ƙarfin amanarsa?"

Hawaye suka zubo masa har cikin gemu. Ban taɓa ganin mai unguwa yana kuka ba, sai na sunkuyar da kai. Can ya miƙe, ya kama igiyar, ya tsaya kan ƙullin da ta yi. Bai yanka ba. A hankali ya kwance shi da farce.

Ya ce, "Tun muna da ƙuruciya ni ke gaba da sungumi ina sara, ita tana bina da ƙwarya, tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Ka san ban taɓa waiwayawa in ga ko ta zuba ba? Ko sau ɗaya. Ashe na yarda da Afiniki fiye da yadda na yarda da wanda ya ba ni ita. Na karɓi maganarka, Sila. Ubangiji ya gafarta mini." Ya miƙo mini ƙwarya. "Kai za ka bi ni."

Na ce, "Ni? Ranka ya daɗe, ƙafar nan ta taka keken ɗinki ce, ba ta san ƙaya ba."

Ya ce, "Wa ya miƙe ran zaman makoki, gaban jama'a, ya nuna irin nan ya ce, 'Baba, kada ka bari ya bar idonka, shi ne hannun Mama da ya rage a duniya'? Har mata suka fashe da kuka, kana gyara hula?"

To, jama'a, magana zarar bunu ce. Ni ne. Ban ma yi tunaninta ba kafin in faɗa, daɗinta na ji a baki, na ga kuma ana kallona. Ni na manta da ita kafin in kai gida, shi kuwa bawan Allah ya ɗauke ta ya zauna a kanta har ƙwaro ya kusa cinye masa shekara. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Muka sussuke abin da ya rage, muka fita gona da rana tsaka. Sama fes, ko gajimare babu. Yana gaba yana sara, ina baya ina zubawa, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa. Na yi ta jira ya waiwayo ya ga ko ina yi daidai, ni da ban iya ba. Har muka kai ƙarshen gonar bai waiwayo ba.

Yau da nake wannan rubutu ruwa bai sauka ba tukuna. Geron Afiniki yana cikin ƙasa.